Hannun Nomau

Ni na rubuta ƙa'idojin, ni Tsahiru,
magatakardan kwamiti, bene na biyu,
tagar da ke hangen kogin Yamai.
Shafi shida. Na ɗaura wa kowace lamba kamar akuyar kasuwa.

Sashe na ɗaya: wanda fuskarsa ta bayyana, ya halarta.
Na uku: kowa ya toshe bakin na'urarsa
sai shugaba ta kira sunansa,
kada carar zakaran wani ta shiga kundin ƙasa.
Na huɗu ya hana kishingiɗa.
Na biyar ya ce hula dole,
bai ce komai a kan wando ba.

Ran Talata muka zauna, in wannan zama ne:
mutum goma sha ɗaya, rami goma sha ɗaya,
kamar tantabaru a jikin bango.
Hamani da labulen ɗakinsa mai furanni.
Wani daga cikin mota, rabi gemu, rabi sararin sama.
Habsu Gado, shugaba, ba ta da guduma,
da cokali take buga kofin shayi.

Maganar kuɗin rumbunan albasa ce, na ƙasar Adar.
Aka ja, aka saki, aka sake ja.
Kowa minti uku, in ji sashe na shida,
ni ke riƙe da agogo,
ni ke yanke harshen manya da yatsa ɗaya.
Ubana bai taɓa irin wannan sarauta ba.

Sai ƙuri'a.
Biyar suka ce i. Biyar suka ce a'a.
Saura Nomau Kadade, can Tawa,
yana gindin bedi, don nan kaɗai rezo ke sauka a gidansa.
Ya gyara hula. Ya buɗe baki. Hannu ya taso,

rezo ya ɗauke.

Ya sandare a gabanmu.
Hannun bai kai kafaɗa ba, bai koma gwiwa ba.
Ɗagawa yake? Ƙuda yake kora?
Hamani ya ce wannan i ce, ko makaho ya shafa ya ji.
Na cikin mota ya ce ƙarya ne,
haka Nomau ke yi in zai ce ku dakata tukuna.
Cokali ya bugi kofi sau uku.
"Tsahiru, me takarda ta ce?"

Takarda ta ce fuskarsa na nan, ya halarta.
Takarda ta ce, sashe na tara,
wanda ya ɓace minti biyar ba a ƙirga shi.
To bai ɓace ba.
Ga shi nan yana kallonmu, da inuwar ganye a goshinsa.
Shafi shida, babu layi guda
a kan mutumin da yake nan kuma ba ya nan.

Na buga wayarsa,
wata murya ta ce da Faransanci in sake gwadawa.
Shayi ya huce. Aka ɗage zama sai wata Talata.
Albasa ba ta karanta sashe na tara ba,
tana can ƙarƙashin zana tana zubar da ruwa.

Bayan magariba wayata ta yi kuka.
Ya hau babur har tudu, iska na cin maganarsa.
"Kun ga hannuna?"
Mun gani, ranka ya daɗe.
"To rubuta."
Na ce an rufe zama, sashe na goma sha biyu.
Ya yi shiru. Wani jaki ya amsa daga bayansa.
Ban tambaye shi i ce ko a'a ba,
ba ni da sashen da ya yarda in tambaya.

Yanzu fitilun gada sun kwanta a kan ruwa.
Na buɗe shafi na bakwai,
na rubuta: sashe na goma sha uku.
Mai gadi ya leƙo sau biyu da makullai.
Alƙalamin na nan a sama, bai sauka ba.